Injin Aro a Ƙofar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je Kahu ɗauko matata daga wankan jego ba. Ina manta inda na ajiye makullin ɗakina, ina manta sunan ɗan maƙwabcina, amma wannan yammacin yana nan daram a kaina, har da warin hayaƙinsa.

Bari in fara gaya muku halina, don kada ku ɗora wa babur laifin da ba nasa ba. Ni mutum ne mai wasiwasi. In na je wurin mai shayi, sai ya sallami duk waɗanda suka zo bayana ina tsaye ina tunanin ko da madara ko babu. In na sayi yadi, kafin in kai wa tela na fara kewar wanda na baro a shago. (Ba alfahari nake ba, haka Allah ya yi ni, kuma na sha addu'a a kai.)

A lokacin ina malamin gona a Rano, kullum ina kan hanyar ƙauyuka. Shekarun nan ne da siyasa ta dawo, Shari'a ta shigo, in ka goyo mace a babur sai ka tanadi amsar "wace ce wannan?" a bakinka. Ina da wani tsohon babur da na gada a wurin yayana. Wata rana matata Rakiya tana da tsohon ciki, na goyo ta za mu Kahu wurin iyayenta, ya mace mana tun kafin mu kai Kibiya. Haka ta taka cikin rana, ni kuma ina tura shi ina ba ta haƙuri. Labari ya riga mu isa.

Surukina, wanda kowa ke kira Malam, mutum ne marar yawan magana. Bai yi faɗa ba. Sai da Rakiya ta haihu a can gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, aka yi suna, na je yi masa sallama, sannan ya ce yana kallon tabarma: "In an yi arba'in, ka zo da abin hawan da za a iya ɗora mai jego da jaririya a kai. Wancan dai ka bar shi ya huta."

Magana ta shige ni. Na sayar da tsohon, na haɗa da rancen wurin aiki, na shiga Kano na sayo sabo fil. Kuma ba irin na 'yan acaɓa ba, na doguwar tafiya ne: ƙaton tanki, gilashi a gaba mai tare iska, akwati hagu da dama, ga faffaɗar kujera wadda mai jego za ta zauna ta saki jiki. Baƙi ne mai ratsin ja. In ka tayar da shi sai ka kasa kunne kafin ka ji yana aiki. Na aika Kahu cewa abin hawa ya samu. Malam ya aiko da madalla, ya ce ranar da zan zo zai tara dattawa a sa masa albarka kafin a ɗora masa jika.

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai na kai shi majalisarmu ta bakin tasha.

Abokina Habu, ɗan acaɓa, ya zagaya shi, ya murɗa totur, ya taɓe baki. "Jiki dai ya yi jiki," in ji shi, "amma injin nan a ɗaure yake. Da gangan kamfani suke takure shi. Ga ka, ga Rakiya, ga jaririya, ga kayan jego, ga buhun geron da na san za a ba ku. Ka san yashin nan na bayan Kibiya? A nan zai durƙusa muku. Ka kai a buɗe shi, a faɗaɗa gidan fistin, a sa babba, a canja kafireta, sannan ka ga aiki."

Kawu Isiyaku, tsohon direban motar Rano zuwa Kano, yana gefe yana ɓare goro. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce: "Injin kamfani ba a taɓa shi, yaro. Ranar da sifana ta hau kan notinsa, ranar ya tashi daga sabo. Wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne."

Shi ke nan suka gama da ni. Su sun faɗi nasu sun tashi sun tafi gida, ni suka bar ni da wuta. In na tuna kalmar "durƙusa", sai in ga Rakiya a tsaye cikin yashi da jaririya a hannu, ina tura babur karo na biyu, Malam yana jin labari. In na tuna maganar Kawu, sai in ga sabon injina yana zubar da baƙin mai tun bai shekara ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. A Zinyau wani manomi ya tambaye ni maganin tsutsar masara, na ce masa ya danganta da girman kafireta. Salla kuwa, ban taɓa yin ƙabli da ba'adi irin na makon nan ba.

Har gwaji na yi. Na ɗaura buhunan taki a baya, na je na shiga yashin da Habu ke faɗa. Babur ya ratsa ya wuce ko tari bai yi ba. Kuna tsammanin hankalina ya kwanta? Ina juyowa na ce a raina, ai buhu ba ya motsi, mace mai goyo kuwa tana motsi.

Daga nan na nufi wurin Sale bakanike. Sale mutumin kirki ne, hannunsa na da kyau, aibinsa guda ɗaya ne tak: bai taɓa musa wa mai abu ba.

"Sale, ya ka gani, a buɗe shi?"

"Ai Malam, buɗewa ita ce magana. Sai ka ji kamar iska ce ke ɗauke da kai."

"Amma Kawu Isiyaku ya ce injin kamfani ba a taɓa shi."

"Kawu ya yi gaskiya wallahi. Babu kamar na kamfani."

"To wanne za a yi ke nan?"

"Duk wanda ka ce, shi ne daidai."

Ka ji fa. Mai wasiwasi ya gamu da mai "duk yadda ka ce". Na rufe ido na ce a buɗe. Sale ya sauke inji, ya warware shi, ya zuba kayan cikinsa a wani daro. Da na ga hanjin sabon babur ɗina a daro sai maganar Kawu ta dawo min. Washegari da sassafe na je na ce a mayar. Ya ce shi ma da haka ya kwana. Ya fara mayarwa, da rana na haɗu da Habu, da yamma na koma na ce a sake kwancewa. Ya ce dama shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da mayarwar ba.

Aikin faɗaɗa gidan fistin ba a yin sa a Rano, sai Kano. Muka ba wani direba kayan ya kai wa mai aikin. Motar na barin tasha na ji kamar an tafi da ɗana kaciya ba da sanina ba. Wayar hannu a lokacin sai wane da wane, don haka na tare motar da ke bi mata, na ce direban ya gaya wa mai aikin kada ya taɓa. Kafin la'asar na aika wani direban da cewa a yi aiki, saƙon farko kuskure ne. Washegari na aika a dakata. (Daga baya na ji cewa mutumin Kano ya tura kayan ƙarƙashin tebur, ya ce ba zai sa hannu ba sai mai abin ya zo da ƙafarsa, don yana son ganin ko mutum ɗaya ne ko gari guda.)

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Kahu: arba'in ta cika, ana jirana gobe bayan la'asar, an gaya wa liman da dattawa.

Na je garejin Sale na tsaya a kan babur ɗina. Ga shi nan yana ƙyalli, ga gilashi, ga akwatuna, amma tsakiyarsa wayam, kana hango bango ta ciki. Na yi tunanin in aika a ɗaga ranar, na ce da wane bakin? Na yi tunanin in ari na Habu, na tuna Malam sabon babur ya tara mutane su gani. Na yi tunanin shatar mota, na yi tunanin ciwon ƙarya. Ina ta tunani har gari ya waye, hantsi ya yi, rana ta take tsaka, ban zaɓi ko ɗaya ba.

Sale ne ya kawo dabara, kuma ita ce shawara ɗaya da ya taɓa kawowa da kansa tun da na san shi. A gefen garejin akwai babur ɗin wani Ɗanladi mai manja, wanda ke zagaya ƙauyukan Kibiya da jarkoki. Ya faɗa rami kwanaki, gaban babur ɗin ya lanƙwashe, shi kuma yana gida yana jinyar ƙafa. "Injinsa lafiya lau yake," in ji Sale. "Mu ɗaura maka shi na yau kawai. Wa zai leƙa ƙarƙashi? Jiki ake kallo." Bakin injin bai dace da sabuwar salansata ba, don haka aka ɗauro shi da tasa salansar, wata tsohuwa mai faci da aka ɗaure da waya. Da zan tafi Sale ya ƙara da cewa: "Kada dai ka kashe shi in ya yi zafi, ba ya tashi sai da turi."

Na yi wanka, na sa babbar rigata ta aure, na kafa hula, na hau. Jama'a, ƙarar injin nan ba ta da sa'a a ƙasar Rano. Yana tafiya yana tari, ya yi tari ya yi tari sai ya saki wata ƙara kamar bindigar toka, sannan ya ɗan yi shiru ya sake daga farko. Hayaƙi kuwa, duk wanda na wuce sai ya kare hanci. Na ce ba komai, in na isa zan ce sabon inji ne bai gama sakin jiki ba.

Abin da ban sani ba, kuma Sale bai tuna ba, shi ne matan ƙauyukan nan ba da ido suke sanin masu talla ba. Suna cikin gida, da kunne suke ciniki. Mai kifi da irin ƙahonsa, mai kananzir da irin kiransa, Ɗanladi kuwa ba ya ko buɗe baki, salansarsa ce ke yi masa shela. Ga shi an kwana biyu bai zo ba, miya ta yi fari a gidaje da yawa.

Tun daga gidajen farko na Kahu na fara jin ana ƙwala kira ta bayan katanga: "Mai manja, tsaya." Na ɗauka da wani ake. Sai yara suka fara fitowa daga zauruka da kwalabe, suna bi na da gudu. In sun matso suka ga babbar riga da gilashi sai su yi turus, amma kunnensu na gaya musu ba su yi kuskure ba, sai su ci gaba da bi. Haka na isa ƙofar gidan surukaina da rakiyar kwalabe. Maza duk suna masallaci. Na tsaya a gindin katanga inda inuwa take (ashe nan ne matsayar Ɗanladi), na bar inji yana aiki kamar yadda aka ce, na yi sallama. Ni kaina ban ji sallamar ba.

A nan sai na gaya muku wace ce Inna, surukata. Tun da na auri 'yarta ban taɓa jin muryarta ta wuce raɗa ba. In na je gaisuwa, ina durƙushe a bakin ƙofa, tana can ƙuryar ɗaki ta ba ni baya, "lafiya lau" ɗinta ma sai Rakiya ta maimaita min. Sunana ba ta taɓa kamawa ba. Ni a zatona haka Allah ya yi ta, salihar baiwa mai ƙaramar murya.

Sai na ji wata murya ta taso daga bayan katanga, ta danne ƙarar injin.

"Ɗanladi, ɗan banza mai ƙafar tsinke, sai yau ka ga damar zuwa? An ce ka faɗa rami, na ce Allah ya sa dai manjan bai zube ba."

Ashe taubashinta ne, sun saba. Kafin in gama gane muryar wa nake ji, sai ga hannu ya ɓullo ta saman katanga riƙe da kwalba.

"Ungo, zuba min na kullum. Kuma kada ka ba ni na gindin jarka irin na rannan."

To, ku gaya min, me ya kamata in yi? In na yi magana, na kashe ta da kunya. In na yi shiru, za ta ci gaba. In kashe inji, ba zai tashi ba. In ja in gudu, yara sun kewaye ni. Hannun nan yana ta girgiza kwalba a sama. Ina cikin auna wanne ya fi sauƙi, sai kawai na ga kwalbar a hannuna. Na karɓa. Wallahi na karɓa, har da hannu biyu, don ladabi.

"Ka yi sauri ka kwashe wannan gwangwanin daga ƙofar gidana," in ji Inna, "baƙo muke jira. Mijin yarinyar nan ne zai zo da sabon babur. In ya zo ɗin ke nan. Ai ka san shi, Malam Bari-in-duba. Ran suna ba ka nan ne? Liman na zaune, rago na ɗaure, ƙofa cike da mutane ana jiran ya faɗi suna, wai yana tunanin ko na uwarsa ko nawa. Sai da liman ya gaji ya raɗa wanda ya ga dama. Yarinyar nan tun jiya ta ɗaure kayanta, abinci ma ta kasa ci, kunnenta na kan hanya. Tausayi take ba ni. Mutum ba mugu ba, ba marowaci ba, amma in ka biye masa sai ka tsufa a tsaye."

Zagi ban ji zafinsa ba, don ba zagi ba ne. Abin da ya ƙona ni shi ne babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Na ɗaga kai, sai ga Malam tafe daga masallaci, ga dattawa a bayansa, ga limamin da ake magana da carbinsa. Suka tsaya. Suka dubi yara da kwalabensu, suka dubi hayaƙi, suka dubi surukin gida cikin babbar riga yana riƙe da kwalbar manjan uwar matarsa. Inna kuwa ba ta san abin da ake ciki ba, tana can tana tambayar ko a rijiya nake ɗebo manjan.

Malam ya matsa jikin katanga, ya ce a hankali: "Ke, surukinki ne."

Sai ƙarar kwano ya faɗi, sai ƙarar silifa da gudu, sai ƙofar ɗaki ta rufu. A daidai lokacin injin ya saki bindigarsa ta ƙarshe ya mutu da kansa.

Na sauko na durƙusa na gaishe su, har yanzu da kwalba a hannu. Malam ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, wannan ta gidan ce." Liman ya zagaya babur ɗin, ya shafa tanki, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi (Sale ya ce babu mai leƙawa), ya ɗago ya dube ni ya ce: "To Malam, wanne za mu yi wa addu'ar, na saman ko na ƙasan?" Dattawa suka shiga gyaran murya, wasu suka juya baya kafaɗunsu na rawa.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Naka injin yana ina?"

Na ce rabi yana Rano a daro, rabi yana Kano.

"Lalacewa ya yi?"

Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, ƙara masa ƙarfi ake son yi, saboda yashi, saboda nauyi, kodayake wasu sun ce barinsa ya fi.

"To yanzu ƙara masa za a yi, ko barinsa za a yi?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya ake nema, kowacce na faɗa ta wadatar. Na buɗe baki a gaban liman da dattawan Kahu, sai na ji kaina ina cewa: "To, ana dai dubawa."

Malam ya gyaɗa kai. "Madalla. In an gama dubawa, bayan an kawar da amfanin gona, sai ka dawo. Ba sauri muke ba. Shiga zaure ku gaisa da iyalinka."

Rakiya na tsaye a zaure da jaririya a kafaɗa, ta yi lalle, ta sa sabon mayafi. A bayanta ga ƙunshin kaya an jera, ga buhun geron da Habu ya yi hasashe. Ta ji komai. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi dariya, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙo min yarinyar na riƙe, ta ce murya ƙasa-ƙasa: "Malam, da ka zo da shi yadda ka saye shi, da yanzu muna hanya." Sannan ta durƙusa ta fara kwance ƙullin kayan da ke kusa da ita, don a ciki zanen goyon yarinyar yake.

Yaran da suka zo sayen manja su suka tura ni har injin ya tashi. Na koma Rano da akwatuna biyu babu komai a ciki, duk ƙauyen da na ratsa ana kira na in tsaya.

Washegari na shiga motar farko zuwa Kano, na karɓo kayana yadda na aika su, ko ƙwarzane babu. Na dire wa Sale na ce ya mayar da komai yadda kamfani ya yi, kuma in na dawo na ce wani abu daban kada ya saurare ni. Ya ce shi ma tun farko abin da ya gani ke nan. Injin ya yi min shekaru yana ratsa yashi da mu duka, sai dai ɗan tsiyayar baƙin mai da bai taɓa dainawa ba.

Sai da aka gama girbi na ɗauko su. Dariyar yarinyata ta farko, da juyawarta ta farko, duk a labari na ji su.

Ba zan ce muku na warke ba, har gobe mai shayi yana jira na. Abin da na koya ɗan kaɗan ne: in zan yi wasiwasi, in yi shi tun noti yana ɗaure, kuma in fara dubawa ko akwai wadda ta ɗaure kayanta tana jira na.